Cindo Bushiya da Gishirin Ƙetare

A wani daji da ke bayan duwatsu, inda rani ya fi damina tsawo, akwai tafki guda ɗaya tak da dukkan dabbobi ke sha. Da damina babu mai waiwayarsa, domin kowane rami ruwa ne. Amma da zarar ciyawa ta bushe, sai tafkin nan ya zama kasuwa, ya zama kotu, wani lokaci ma ya zama mahauta, musamman idan aka yi rashin sa'a Gada da Kura suka iso tare. Wannan ne ya sa aka kafa Majalisar Mashaya, wadda aikinta shi ne ta faɗi wanda zai sha da wanda zai jira. Shugabanta wani dattijon ɓauna ne mai suna Anaruwa, mai faɗin goshi da son a saurare shi.

Da shekaru suka ja, Anaruwa ya fara manta wanda ya sha da wanda bai sha ba, sai majalisa ta sayo kwamfuta. Aka girka ta a gindin tsamiya, aka ɗora mata farantin sola, aka haɗa mata lasifika domin ta riƙa kiran suna da ƙarfi, tun da yawancin mazauna dajin ba su yi karatu ba. Abu ɗaya ya rage, wato manhaja, tsarin umarnin da zai sanar da na'urar abin da za ta faɗa. Labari ya bazu cewa nan gaba ko korar ƙuda sai da kwamfuta, sai samarin daji suka yi ta tururuwa zuwa makaranta.

Cikinsu akwai wani saurayi daga zuriyar bushiya mai suna Cindo, wanda aka haifa da ƙarin yatsa a hannun dama. Malamansa sun ce yatsan nan baiwa ce ga mai danna na'ura, shi kuwa ya kwana biyu yana tunanin ko zolayarsa suke yi. Haka halinsa yake. Tun yana ƙarami, idan uwarsa Inna Gwamma ta ajiye masa abinci, sai ya dube ta ya ce, "Inna, kin tabbata nawa ne?" In ta ce nasa ne, ya sake tambaya, sannan ya ba da haƙuri, sannan ya ci. Da wannan taka-tsantsan ya yi karatu har ya samu difloma, ya naɗe ta a ganyen da ruwa ba ya ratsawa, ya dawo gida da buri guda: a ba shi aikin na'urar gindin tsamiya. Idan bai samu ba, abin da ke jiransa shi ne tonon gara tare da kawunsa, sana'ar da Inna Gwamma ta yi shekaru tana hana cikinta domin ta raba shi da ita.

To, dajin nan yana da wata al'ada. A zamanin kakanni, gishiri ba ya samuwa sai daga ƙetaren teku, shamuwa ce ke kawo shi a ƙunshi. Tun daga lokacin manya suka saba cewa duk abu mai daraja yana da ɗanɗanon gishiri. Saboda haka idan aka kawo wa majalisa sabon abu, ko magani ne ko shawara, shugaba yakan lasa shi a gaban jama'a. In ya ji gishiri, abin ya haye ruwa, an karɓa. In bai ji ba, na gida ne, sai a yi masa addu'a a ajiye.

Ranar da majalisa ta zauna kan batun manhaja, Cindo ya iso tun kafin a share wurin. Da aka ba shi izini, ya tako gaba, ya ce:

"Ranka ya daɗe, shugaba. Iyayena manyan daji, a yi haƙuri da ni. In ban yi kuskure ba, abin da na karanta ke nan. A bakin tafkin nan aka haife ni. Na san gefen da laka ke riƙe ƙafa, na san Raƙumin Dawa yana buƙatar fili kafin ya buɗe ƙafafu ya sunkuya, na san in an ce Kura ta tafi, yana da kyau a sake dubawa. Idan kun ba ni aikin, zan yi shi a hankali. In ya lalace kuma, ba sai an neme ni ba, ga gidanmu can bayan suri."

Aka yi ɗan gunaguni na yabo. Sai wani shamuwa mai suna Nomau ya gyara fiffike ya sauko daga reshe. Nomau dillali ne, kowace shekara yakan haye teku ya dawo, kuma ya iya magana kamar yana karanta ta daga sama.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "yaron nan ya yi magana mai kyau, Allah ya yi masa albarka. Amma ni na ga duniya. A bakin teku akwai wata al'umma da ake kira ƙaguwa. Ƙafa goma gare su, kuma duka goman suna danna na'ura. Ba sa zuwa biki, ba sa zuwa gaisuwar rasuwa, ba su da kawun da zai kwanta ciwo ranar aiki. Ladan da za ku ba ɗan gida guda zai ishi tarin ƙaguwa, har su aiko da godiya. Manyan dazuzzuka duk can suke kai aikinsu yanzu, mu kaɗai muka rage. Sannan ga wani abu da ba a faɗa a fili: in aikin ƙaguwa ya lalace, za ku zage ta son ranku, ba za ku haɗu da uwarta a mashaya ku ji kunya ba."

Wannan magana ta ƙarshe ta shiga kunnen manya sosai. Magatakardar majalisa, wata hawainiya mai suna Larai, wadda ta yi launin ƙasa-ƙasa lokacin da Cindo ke magana, tuni ta koma fari da baƙi irin na shamuwa.

Anaruwa ya ce a bi al'ada. Cindo ya warware diflomarsa da hannu biyu ya miƙa. Dattijon ya zaro harshe mai faɗin faranti ya lashe ta daga ƙasa har sama, ya lumshe ido, ya tauna iska.

"Takarda ce mai kyau," ya ce. "Tana da ɗan zaƙi ma. Amma babu gishiri, ɗana."

Nomau ya miƙa wani ɓawon katantanwa da ya ce ƙaguwa sun aiko a matsayin shaidar gwaninta. Anaruwa ya lasa, ya sake lasa, sai da aka ƙwace shi daga bakinsa. Aka ba ƙaguwa kwangila. Cindo ya karɓi diflomarsa a jiƙe, rabin sunansa ya goge, ya ba da haƙuri, ya koma gida.

Washegari ya bi kawunsa wurin suri. Cindo ɗan farin Inna Gwamma ne, kuma bisa kunya irin ta iyaye ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban jama'a. Abin da ta yi kawai shi ne ta shanya diflomar a rana, ta ɗora mata dutse don kada iska ta ɗauka.

Rani ya tsananta kafin Nomau ya dawo da manhajar ƙaguwa a cikin ɗan filash, wato ƙaramin abin da ake ɗaukar aikin na'ura a ciki. Anaruwa ya lasa ya ji gishiri har cikin kunnensa. Aka sa a na'ura, jama'a suka taru, lasifika ta yi kaki, ta ce:

"Kada kowa ya matsa. Ku tsaya inda kuke. Ruwa zai zo ya same ku."

Dabbobi suka dubi juna, suka dubi tafki. Amma magana ce daga ƙetare, saboda haka suka ja layi a kan tudu suka tsaya. Ƙaguwa ba su yi ƙarya ba. A ƙasarsu ruwan teku yakan hau tudu da kansa ya koma, kuma ba su taɓa jin labarin ruwan da ake zuwa wurinsa ba.

Rana ta take. Cindo, wanda ya zo kallo da ƙasar suri a hancinsa, ya ga Gada tsaye a bayan Kura, ƙishi ne kawai ya hana Kura juyowa. Raƙumin Dawa ya leƙa daga sama ya ce, "Jama'a, ni fa ina hango ruwan. Ko motsi bai yi ba. In ma ba idona ba ne, baya yake ja."

"Kai dai ka cika gaggawa," in ji Anaruwa, da busasshen maƙogwaro.

Da yamma majalisa ta yi zaman gaggawa. Larai ta taƙaita matsayar manya da cewa manhajar ba ta da aibi, tafkin ne bai waye ba, domin ruwan da ya ci gaba yakan zo ya gaida masu shansa. Aka yanke cewa a ba tafki lokaci ya gyara halinsa. Kafin nan kowa ya riƙa sha a ɓoye yadda ya iya. Cikin 'yan kwanaki aka koma gidan jiya, har ƙanwar Gada ta bar rabin wutsiyarta a bakin ruwa.

Ana cikin haka, wata rana Cindo yana tono, sai inuwa ta rufe shi. Ya dunƙule nan take. Da ya leƙo, sai ya ga Nomau tsaye da ƙafa ɗaya.

"Warware, ɗan ƙanena, alheri na kawo. Kana son aikin ƙetare?"

"Kawu Nomau, ka tabbata ni kake nufi?"

"Akwai wani mai difloma a ramin nan ban da kai? Saurara. Na koma wurin ƙaguwa da wani ɗan gyara, na tarar sun yi arziki, sun daina taɓa na'ura da ƙafarsu. Yanzu su ma ƙetare suke kai aiki, wai can ya fi araha. To, a wurinsu ƙetare nan ne. Suka ce in nemo musu wani yaron tudu mai haƙuri, wanda ba ya yawan tambayar lada."

"Aikin wane daji ne?"

"Wani daji can nesa. Ba ruwanka da sunansa. Tafki ɗaya gare su. Akwai wani babba mai ƙaho da in ya zo sha sai ya tsaya ba da labari. Akwai wani dogo mai buƙatar fili. Akwai wata mai dariya da ba a so ta haɗu da wata mai siririyar ƙafa."

Cindo ya goge hanci. "Kawu, a yi haƙuri, amma wannan dajin ya yi kama da..."

"Duk dazuzzuka kama suke da juna, ɗana. Ni da na yi yawo na sani. Sharaɗi ɗaya ne: a sana'armu ba a faɗin sunan wanda ya yi aiki. Ka yi mini alkawari bakinka zai yi shiru."

Cindo ya dubi surin, ya dubi faratansa da suka fara dakushewa, ya yi alkawari. Ya ciro tsohuwar na'urarsa ta makaranta, ya zauna a inuwar da ke bayan gidansu ya duƙufa. Ya gane sarai aikin wa yake yi, kuma abin ya yi masa ciwo ya kuma yi masa daɗi a lokaci guda. Ya sa wa babba mai ƙaho lokaci mai tsawo domin labarinsa. Ya raba mai dariya da mai siririyar ƙafa da tazarar da ko iska ba za ta kai ƙanshi ba. Ya duba aikin, ya sake dubawa, ya miƙa wa Nomau yana ba da haƙuri. Nomau ya haye teku da shi, ƙaguwa suka karɓa suka juya shi a jiƙaƙƙun ƙafafunsu, suka mayar masa, ya dawo.

Ranar gwaji dajin kaf ya hallara. Anaruwa ya lasa filash ɗin, ya ɗaga kai sama.

"Wannan ya ma fi na farko gishiri," ya ce. "A sa."

Lasifika ta yi gyaran murya a hankali, ta ce:

"Barka da hantsi, Baba Anaruwa. An tashi lafiya? Ya iyali? A yi haƙuri, in ban yi kuskure ba, lokacinka ne na shan ruwa. Sai dai a daure a taka zuwa wurinsa, ba zai zo ba. Amma ka tabbata kana jin ƙishi?"

"Ina ji mana!" in ji Anaruwa.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata!"

"To, a yi haƙuri. Bismilla."

Dattijo ya sha, ya ba da labarinsa har ƙarshe ba wanda ya katse shi. Aka kira Raƙumin Dawa, aka ba shi fili. Aka kira Kura, ta sha ta tafi. Na'urar ta tambayi jama'a ko Kura ta tafi, aka ce ta tafi. Ta ce a yi haƙuri a sake dubawa. Aka duba, aka same ta kwance a bayan wata geza, ta ce hutawa take yi. Sai da aka raka ta nesa sannan aka kira Gada.

Daji ya ɗauki sowa. Anaruwa ya hau tudu ya yi jawabi:

"Kun gani da idonku. Wannan shi ne aikin ƙetare. Ku dubi ladabi, ku dubi hankali. Halittar da ba ta taɓa ganina ba ta san a tambaye ni iyali. Ina kira ga samarinmu masu yawo da takardu su yi koyi da ƙaguwa. Ba don na raina na gida ba, amma a faɗi gaskiya, wa zai iya wannan a cikinku?"

Cindo yana can baya, ya dunƙule rabi. Alkawari ya riga ya yi. Ya fara lissafin komawa suri ke nan, sai ya ji wata murya da ya sani tana cewa, "A gafarce ni, ranka ya daɗe."

Inna Gwamma ce ta fito tsakiyar fili, ita da ba ta taɓa magana a majalisa ba.

"Ni ban yi karatu ba," ta ce, "ban kuma san ƙaguwa ba, ko a miya. Kun san kuma ba al'adarmu ba ce uwa ta tsaya a bainar jama'a ta yi maganar ɗan fari. Yau dai zan ajiye kunyar a gefe, in na gama in ɗauka. Abin nan da ke magana a gindin tsamiya, ni na yaye shi. Shekara da shekaru ina ajiye masa abinci yana tambayata ko na tabbata. In ce na tabbata, ya sake tambaya, abinci ya huce. Duk duniya babu mai ba da haƙuri kafin ya yi wa mutum alheri sai yaron nan. In ƙaguwa ce ta yi wannan, to a gidana ta girma ban sani ba."

Nomau ya fara gyaran fiffike kamar mai shirin tafiya. Anaruwa ya juyo da faffaɗan goshinsa.

"Cindo, matso. Kai ka yi aikin nan?"

Cindo ya tako, alkawari a gefe guda, idon uwarsa a ɗaya gefen. Ya buɗe baki domin ya ce ba shi da ta cewa, amma abin da ya fito shi ne:

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ka tabbata ni kake tambaya?"

Kura ce ta fara fashewa da dariya daga nesa, sannan dajin gaba ɗaya ya ɗauka. Har lasifika sai da aka ga kamar ta sunkuyar da kai. Bai karya alkawari ba, amma babu sauran abin ɓoyewa.

Da dariya ta lafa, majalisa ta ga ta shiga tsaka mai wuya. Shugaba ya lasa a gaban kowa ya ce akwai gishiri, kuma harshen shugaba ba ya kuskure. Aikin yana da kyau, kuma al'ada ta ce abu mai kyau daga ƙetare yake zuwa. Ga shi kuma wanda ya yi aikin yana tsaye da ƙasar suri a hanci, gidansu a bayan suri. Aka yi ta jan magana. Wasu suka ce a ba yaron aikin kawai, wasu suka ce in aka fara karɓar abin da bai haye ruwa ba, gobe kowa ma sai ya ce ya iya wani abu.

Larai, wadda a lokacin jikinta ya kasu gida-gida, kowane yanki da launin wani mai magana, ta nemi izini.

"Ranka ya daɗe, ban ga saɓani ba. Al'ada ta ce abu ya haye ruwa, ba ta faɗi faɗin ruwan ba. Ga tafki nan. A gina wa Cindo rumfa a wancan gefen, a ayyana wancan gefen a matsayin ƙetare. Duk gyaran da ya yi, Malam Nomau ya ɗauko ya hayo da shi, tun da hanyar ta saba da shi. A ajiye ɗan ƙunshin gishiri a rumfar saboda harshen shugaba. Kun ga yaro ya samu aiki, dillali bai rasa nasa ba, al'ada kuma ko ƙwarzane ba ta yi ba."

Anaruwa ya ce abin da yake shirin faɗa ke nan aka riga shi. Nomau ya sauke fiffike ya ce dama ya daɗe yana ganin hazaƙar yaron. Aka tambayi Cindo ko ya amince. Ya tambaya ko sun tabbata, suka ce sun tabbata, ya sake tambaya, sannan ya karɓa.

Haka aka yi. Cindo ya tare a rumfarsa ta wancan gefe, ya rataye diflomarsa mai rabin suna. Tun daga ranar manya suka daina ce masa yaro, suka koma kiransa ƙwararren da aka ɗauko daga waje, har Anaruwa yakan shawarci samarin gida su yi koyi da shi. Kowace safiya Nomau yakan buɗe fiffike da alfahari, ya tashi, ya sauka kafin ya gama buɗewa, domin a tsakiyar rani kwaɗo ma yakan tsallake tafkin ba tare da ya jiƙa ciki ba.

Inna Gwamma kuwa ta ɗauki kunyarta daga inda ta ajiye. In maƙwabta suka tambaye ta labarin yaron nan, sai ta kau da kai ta ce yana ƙasar waje wurin aiki. In abinci ya nuna kuma, takan ɗan ɗaga murya, ya ji.